Ɗakin da Baba Barau ya share

A layinsu a unguwar Takur kowa ya san Baba Barau, dattijo mai ɗinka buhuna a kasuwa. Kirista ne tun kakanni, daga wani ƙauye can bayan Aujara, kuma yana zaune lafiya da maƙwabtansa Musulmi. Ba shi da faɗa, ba shi da rowa. Aibinsa ɗaya ne: komai sai ya ce "bari dai."

Matarsa, Mama Rabi'atu, ba ta taɓa roƙonsa zani ko awarwaro ba. Abin da ta nema tun shigowarsu Dutse shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da ke ƙuryar gida, ta riƙa shiga tana addu'a ita kaɗai. Gidan kullum a cike yake da hayaniyar jikoki da rediyo, ga injin markaɗe a bayan katanga. Sai dai ɗakin nan a nan Baba Barau yake jibge riɗin gonarsa har sai ya yi tsada.

"Maigida, wuri kaɗan nake so, inda zan durƙusa in ji kaina," in ji ta.

"Bari dai kaka ta wuce, Uwargida."

Kaka ta wuce, riɗi ya fita, zoɓo ya shiga. Zoɓo ya fita, wake ya shiga. Haka aka yi ta yi har furfura ta cika musu kai. Ita kuwa baiwar Allah tana karanta Littafi Mai Tsarki a bakin murhu, jika na jan zaninta, ta fara addu'a a kira ta kafin ta kai amin. Daga baya ma ta daina tambaya, shi kuma gogan ya ɗauka ta haƙura ne.

Da ciwo ya kwantar da ita aka kai ta asibiti, a nan ne hankalinsa ya tashi. Ya kwashe buhunan ya sayar ba tare da ya jira kasuwa ba. Ya toshe ramukan ɓeraye, ya shafa farar ƙasa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya sa kafinta ya haɗa masa ɗan gicciye. Maƙwabcinsa Malam Tasi'u ne ya riƙe masa tsani yana tsokanarsa: "Baba, amarya za a kawo ne?"

Kullum in ya je dubiya sai ya ba ta labarin ɗakin. Wata rana ta yi murmushi ta ce, "Akwai taga?"

"Akwai. Na sa labule."

"To, ka rufe min shi, kada yara su ɓata."

Ran wata Talata da hantsi ta cika. Da aka kawo ta gida, matan zumunta na coci suka duba ko'ina, ba su ga wuri mai tsabta da sarari ba sai wannan ɗakin. A kan sabuwar tabarmar suka kwantar da ita, suka durƙusa suka yi addu'a a hankali, har jikokin ma suka yi tsit.

Baba Barau na tsaye a bakin ƙofa, baƙin ciki ya hana shi shiga. Wata daga cikin matan ta fito tana share hawaye, ta ce, "Baba, Allah ya yi maka albarka. Mama ta ji daɗin wannan ɗaki a rayuwarta."