Waɗanda Ba Su Kai Ranar Suna Ba

A ƙauyenmu, can bayan Gazara, idan jariri ya koma kafin ranar suna ba a zaman makoki. Maza biyu ko uku ne za su ɗauke shi, kafin rana ta yi zafi sun dawo. Mata su leƙo su ce wa mai jego, "Allah ya sa mai ceto ne," shi ke nan. Ba shi da suna, ba shi da kati, kuma ba mai zuwa asibiti ya ce a rubuta. Da haka na tashi, ban taɓa ganin aibin abin ba sai da na gama karatu na sami aiki wurin wani malamin jami'a mai bincike kan mutuwar jarirai.

Shi malamin ba ya yawon ƙauye. Ya ce zamanin rataya jaka ana bi gida-gida ya wuce. Duk abin da ƙananan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Kudan suka rubuta shekara da shekaru an zuba shi a kwamfuta, sai dai a tambaye ta. Ni ce mai tace bayanan, har ina hura hanci. Hukuma kuwa tana jiran rahotonmu, don ungozomomin asibiti sun yi ƙaranci, tana so ta kai su inda aka fi mutuwa. Ƙauyenmu ungozoma ɗaya gare shi tal a ɗan asibitinmu, ita ce kuma mai rubutu. Ƙanwata a lokacin tana da ciki, bayan biyu sun koma mata, kuma wannan matar ce take duba ta.

Ranar da taswirar rahoton ta fito, inda ake mutuwa da yawa ja, inda ake lafiya kore. Cikin garin Maƙarfi ja wur, saboda can a asibiti ake haihuwa, wanda ya mutu a kan idon mai biro ya mutu. Ƙauyenmu kuwa kore shar. Na yi dariyar takaici, don na san yawan ƙananan kaburburan da ke gefen maƙabartarmu.

Na ce, "Malam, wallahi wannan koren ƙarya ne."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Na sani, ni ma ɗan ƙauye ne. Amma abin da ba a rubuce yake ba, da wane baki zan faɗa musu? Kawo mini shaida in sa."

Sai na hau mota na tafi gida neman shaida, ina ganin abu ne mai sauƙi. Na fara da mahaifiyata tana tsince wake. Na ce, "Inna, nawa ne suka koma miki kafin suna?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Ke, boko ya cinye ki. Ana ƙirga wa Allah abin da ya karɓa?"

Haka na bi gidaje, kowace ta lissafa mini masu rai da waɗanda aka yanka wa rago, ta tsaya nan. Wata gwaggona har fura ta dama mini don in yi shiru. Na ji haushinsu ƙwarai, na kuma ji kunyar tambayar da nake yi wa iyayena mata. Na koma hannu rabbana. Malam ya sa layi biyu a ƙarshen rahoto cewa wataƙila akwai mace-macen da ba a rubuta ba. Wa yake karanta ƙarshen rahoto? Taswira suka kalla.

Kafin damina ta yi nisa aka ɗauke ungozomar aka kai ta inda yake ja. Ban ce can ba sa bukatarta ba. Ɗan asibitinmu dai aka garƙama masa kwaɗo, awaki suka samu inuwa a barandarsa.

Ƙanwata ta haihu a gida, ruwa ya cinye hanya, babur ma ba ya wucewa. Namiji ne, numfashinsa sama-sama tun da ya faɗo. Da na iso an riga an kai shi. Na zauna a bakin gadonta, na ce wannan kam sai an rubuta shi, ko da ƙafa zan taka zuwa Maƙarfi.

Ta juyo a hankali ta ce, "Yaya, in suka ce sunansa fa, me za ki ce?"

Ban je Maƙarfin ba.

Da shekara ta zagayo sababbin bayanai suka shigo. Yanzu da babu mai rubutu a ƙauyen gaba ɗaya, ko haihuwar ma ba ta fitowa. Malam ya juyo mini da kwamfutar ba tare da ya haɗa ido da ni ba, ya ce, "Garinku bana ko ɗaya bai mutu ba."