Waƙar da Na Sa a Layin Baba

Ko zan manta da duk ɓarnar da na yi a ƙuruciya, ban da ranar da wayar Baba ta tona mini asiri.

Baba malami ne a Gazara, magidanta ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu bayan la'asar. Ya sha wuyar zamanin soja, abu ba ya lalacewa a hannunsa, don haka da yayanmu ya aiko masa da waya daga Makarfi sai ya riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. Amsa kira kawai ya iya. Sauran danne-dannen ni 'yar autarsa ya bar wa, ga ni da rawar kai.

Lokacin ne aka shigo da yayin sa waƙa a layi, duk wanda ya kira ka ya sha kiɗa kafin ka ɗauka. Ƙawayena duk sun sa. Ni ba ni da waya, sai na sa a layin Baba, waƙar soyayya ma kuwa, irin wadda ake kashe murya. Daɗin abin, mai wayar ba ya ji. Kusan wata biyu limamai da dattawa suna kira suna shan kiɗa, kunya ta hana kowa magana.

Rannan wayar ta ɓace cikin littattafai, daidai na kawo ruwa bakin zaure. Baba ya dubi wani ɗalibinsa mai furfura ya ce, "Malam, kira mini ita mu ji inda take."

Bawan Allah ya hau kame-kame. "Allah gafarta Malam, a dai ƙara dubawa."

Baba ya matsa, dole ya kira. Wayar dattijon kuwa irin mai amon nan ce, nan take waƙa ta cika zaure.

"Subhanallahi!" in ji Baba. "Malam, da girmanka?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ai taka ce. Kusan wata biyu ke nan muna ji."

Na ajiye kwanon ruwa na arce cikin gida ina jiran bulala. Da Baba ya shigo, wayar kawai ya miƙo mini ya ce, "Cire." Ina cikin cirewa na ji ya ce a hankali, "Ashe wata biyu ina yi wa mutane faɗa a kan kiɗa, su kuma suna tausayina."

Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Tun ranar na gane cewa wanda ya damƙa maka abin da bai iya ba, mutuncinsa ya damƙa maka, kuma ba a wasa da shi.