Alkawarin da Baba Ya Bari a Hannuna

Jiya ina kwashe kaya a ɗakina na unguwar Al Karama a Dubai, na ci karo da wani littafin rubutu, har yanzu yana ƙamshin turaren Baba, dattijon nan mai buga ƙananan littattafai. Wani ɗan Kano da ke kurkuku ne ya rubuta labarinsa a ciki da fensir.

"Ranar da Baba ya ba ni shi, ya ce, Ɗana, kai ka yi boko. Buga mana a kwamfuta, na yi masa alkawari."

"Baba, a bari tukuna, kada abin ya taɓa mini biza."

Ya lashi yatsa, ya juya shafi. "To, shwaiya shwaiya, a hankali dai."

Bai sake tambayata ba har ya rasu. Wataƙila tsorona yana da dalili, ban sani ba. Yau dai na buga shafin farko. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ni ikon ƙarasawa.