Kunnen Yari da Motar Simon

A shekarun da aka yanko Kebbi daga Sakkwato, in ka shiga Jega ka tambayi mai gyaran injin ban ruwa, rumfar Yari za a nuna maka, can bayan tasha. Gajeren mutum ne mai saurin hawa, farcensa bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Da facin taya ya fara, ya koma gyaran babur, da noman albasa ya bunƙasa kuma ya tsaya a kan inji. Kunnensa shi ne jarinsa. Manomi zai ɗauro inji a bayan keke tun daga Aliero ko Danwarai, Yari ya ce a tayar, ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce fulogi ne, ko kuwa kafireta ta sha ƙasa. Kafin ya ɗauki sifana ya riga ya gama gyaran a ransa.

Sai dai kunnen nan ya fara yi masa rowa. Matarsa Luba ce ta fara lura, ya ce ita ce ta koyi magana ciki-ciki don tsufa. Ya daina jin kukan kanarin maƙwabcinsa, ya ce tsuntsun ne ya yi ƙiba. A ƙasan ransa kuwa tsoro ne fal, don ya san ranar da manoma suka gane, ranar za su fara wuce rumfarsa. Abin da ya rufa masa asiri shi ne injin ban ruwa murya gare shi mai kauri, har ta tafin ƙafa ana jin ta.

Ana nan sai ga Simon, wani ma'aikacin ofishin gona a Maiyama da ya saba kawo masa injinan ofis, da kwali a hammata. Ya buɗe, sai ga wata 'yar mota da ba ta wuce tsawon kamu biyu ba, da akwati mai eriya, da galan ɗaya na mai.

"Wanga mi na na, Malam Simon?"

"Mota ce, Baba Yari. Ƙanena ya aiko wa yara daga Turai. Ina so ta tashi kafin Kirsimeti."

"Ina direba za shi zamna?"

"Ba ta da direba. Da wannan akwatin ake tuƙa ta."

Yari ya juya ta, ya sake juya ta. Injin bai kai ƙwallon albasa ba, amma ga fistin, ga kafireta, ga salansa, komai da komai. Ya nemi wurin zuba baƙin mai, babu. Ya shinshina galan, ba fetur ba, ba kananzir ba, wani ƙamshi mai zaƙi da yaji a ido. Fulogin kuma ba shi da waya. Simon ya ce batir ake maƙala masa, in inji ya tashi a cire.

"A cire? To wuta daga ina za ta hito?"

Simon ya sosa ƙeya. Shi ma a waya aka yi masa bayani, a Birnin Kebbi, layi yana ta yankewa. Abin da ya riƙe shi ne sabon inji ne, sai an hore shi: a bar shi ya sha tanki bayan tanki a hankali, kada a matsa masa, a bar shi ya yi hayaƙi. Maganar horo ta shiga kan Yari, don ko ɗan bijimi ba a ɗora masa garma ranar farko. Maganar hayaƙi ce ta ƙi zama. Shi a saninsa, inji mai hayaƙi abin kunyar makanike ne, kuma ya fi zargin layin waya da ya ci rabin zancen.

Suka kai motar filin ƙwallon firamare. Ranar kasuwa ce, kafin ka ce kwabo an yi musu zobe. Har da Alu, wani manomin Danwarai da ya biyo Yari da injinsa ɗaure a keke. Aka ja igiya, motar ta tashi, Simon ya cire batir, ta ci gaba da aiki. Yari ya leƙa ƙarƙashinta ko akwai wata wayar a ɓoye, bai ga komai ba. Tana ta tofar da mai, tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

"Yari, injinka na tari!" in ji wani daga baya, aka kwashe da dariya. Wannan kam ya ji ta sarai.

Ransa ya ɓaci. Ya tsuguna da sukudireba, ya murɗa allurar mai ciki don ya rage man da injin ke sha. Hayaƙi ya ragu. Ya ƙara murɗawa. Kukan injin ya haye sama, ya sirance, ya yi ta hawa har ya fita daga inda kunnen Yari yake kaiwa. Shi a wurinsa inji ya lafa, kuma lafawa ita ce alamar lafiya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutane, sai ya ga suna toshe kunne suna ja da baya. Me suke gudu? Simon ya sunkuyo yana ɗaga murya.

"Baba, anya kukan nan bai yi yawa ba?"

"Wane kuka? Sake ta, ka gani!"

Simon ya danna akwatin. Motar ta fita kamar an harba kibiya, ta nufi ƙarshen fili, jama'a suka ɗauki ihu. Yari ya miƙe, ya rufe ido, ya karkata kai yadda ya saba. Yana jin wani siririn zuuu a cikin kansa, daidai, ba gargada. Daɗi ya kama shi har ya yi murmushi.

"Kun jiya? Yanzu ta daidaita. Haka nan aka son inji."

Da ya buɗe ido, sai ya ga Simon ya riga ya je ya dawo rabin fili, yana riƙe da motar da tsumma saboda zafi, fistin ya cije, ko motsi ba ya yi. Mutane kuwa ba motar suke kallo ba, shi suke kallo. Ya duba motar, ya duba su, zuuu ɗin nan kuma yana nan bai tsaya ba.

Alu ne ya matso, ya kai baki dab da kunnensa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa tsofaffi.

"Baba Yari, ai ta daɗe da mutuwa."

Kunya ta rufe Yari. Ya nuna injin da ke kan keken Alu, ya ce su koma rumfa a tayar ya ji. Alu ya kama kan kekensa, ya dubi ƙasa, ya faɗi wata magana a hankali. Yari ya ga bakinsa yana motsi, ya gyaɗa kai, bai san abin da ya amsa ba.