Fitilar da na liƙe da baƙin salatif

Shekara bakwai ke nan a wannan wata da rasuwar yayana Hamidu, makanikin da ke bayan tashar Filinge. Ni ƙanensa ne, direban bas mai jigila zuwa Yamai. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa, don ba yadda zan ba da labarinsa ban ba da na laifina ba.

Wajen lokacin da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ne motocin gazuwal, wato dizal, na zamani suka fara shigo mana daga Turai. A cikin salansarsu akwai wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, ana ce da shi filtir, aikinsa tare kunkunniyar hayaƙi. In mota ta yi doguwar tafiya da gudu ta ɗau zafi sosai, kunkunniyar takan ƙone da kanta. In ba ta samu haka ba, sai filtir ya toshe, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mota ta shaƙe ta ƙi gudu ko ka taka totur har ƙasa.

A duk ƙasarmu ta Kurfai Hamidu ne ya fara gane wannan, kuma ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa takawa ba. Da an kawo masa mota, sai ya zura yatsa a bakin salansa. In ya fito fes, filtir na nan da ransa. In ya fito baƙi, to ya fashe ko an fasa shi. Sannan ya duba wasu ƙananan tiyo biyu da ke jikin filtir ɗin, don sau da yawa su ne suka toshe. In abin ya yi nisa, ya kwance shi, ya jiƙa a rabin duro, ya wanke shi ta baya zuwa gaba, ya shanya kwana biyu a rana. Masu gaggawa su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Ni kuwa tsofaffin direbobi ne suka koya mini tuƙi, masu cewa mota lallaɓa ta ake yi. Da safe in tayar da injin in bar shi yana ɗumi har in gama shan shayi. Ranar kasuwa ya wuni yana gurnani a tsaye ina jiran fasinja. A hanya ba na wuce sittin. A ganina tattali nake yi.

"Kai, wannan ba tsohuwar motar Baba ba ce," in ji Hamidu. "Ka sake mata linzami a kwalta ko sau ɗaya a mako. Lallaɓarka ce za ta kashe ta."

Na ce to, yaya. Da fitilar ta kama, sai na ji kunyar kai masa, don na san zai yi mini faɗa a gaban mutane. Fasinjan gaba kuma suka dame ni da tambaya. Sai na yanki baƙin salatif na liƙe ta. Mako uku ina yawo a haka.

Wata Talata bayan azahar Hamidu ya dafe ƙirji ya faɗi a garejinsa. Likita ya ce a kai shi Yamai maza. Motar marasa lafiya ta riga ta fita da wani, sai muka cire kujerar baya ta bas ɗina muka shimfiɗa masa tabarma, matarsa Zali ta tallafe kansa. Ranar na taka totur kamar yadda ya daɗe yana cewa in yi. Ba mu yi nisa ba motar ta shaƙe. Talatin take yi, ba ƙari. Amalanken jaki kawai muke iya wucewa.

Daga baya na ji muryarsa, ƙasa-ƙasa. "Ba injin ba ne, filtir ne. Fitila ta kama?"

Na ce ta kama.

"Tun yaushe?"

Na ce mako uku. Bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kada ka kashe ta, ci gaba a haka." Kafin mu kai garin Baleyara Zali ta fara salati.

Na san ajali ne, malamai sun faɗa mini, ita ma Zali ta ce ta yafe. Ni ne dai ban yafe wa kaina ba.

Yau sojoji sun sake dawowa, hanyar kuma ba ta biyuwa sai da fargaba, wani lokacin sai a ayari ana tafiyar hawainiya. Ina mota za ta samu gudun da za ta ƙone kunkunniyarta? Makanikan yanzu sun huta da wahala: su zura rodi su farfasa filtir, su mayar da fanko. Tasha ta cika da baƙin hayaƙi, masu tallan ƙosai suna tari a ciki. Nakan tambayi kaina me Hamidu zai ce. Ina jin zai zura yatsa, ya duba, ya goge a wando, ya rasa wanda zai yi wa faɗa, don ba mai saurare. Garejin nasa an mai da shi wurin cajin waya, rabin duron kuma awakin Zali ke shan ruwa a ciki. Ban san mutum ɗaya da ya gaji aikin ba.

Abin da ya rage nasa yana hannun wanda bai cancanta ba, wato ni. Bayan addu'ar bakwai na kwance filtir ɗin da kaina, na jiƙa, na wanke ta baya, na shanya kwana biyu, daidai yadda na sha ganin yana yi. Na ɓare salatif ɗin, na hau hanya ni kaɗai. Cikin awa uku na tsaya a ƙofar asibitin Yamai, ba kowa a baya sai tabarmar.

Allah ya jiƙanka, yaya.