Wuƙar Cibiyar Kawu

Jiya da la'asar na kai mota wanki a unguwar Al-Sih. Mai wankin ya yar da tiyo a ƙasa, ruwa ya gangara gindin wata bishiya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya daki hancina. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. In a Madina ka tashi ka san ba kullum ake jin wannan ƙamshin ba. Ni wuri ɗaya na san shi: gonar dabinon da kakata ta zauna a Awali, in kawu ya tada injin ruwa da safe.

Gonar ba tamu ba ce, kar ka ɗauka mu wasu ne. Ta wani dattijon Balarabe ce. Kakana na wajen uwa ya taso daga Chadi da matarsa da 'yarsu ƙarama, wato Ummata, suka zo hajji ta ƙasa, ba su koma ba. Ya samu aiki a gonar, aka ba shi ɗakuna biyu na laka a jikin katanga. A nan aka haifi ƙanin Umma, kawu. Umma ta auri babana, wanda danginsa sun daɗe da zama 'yan ƙasa, ita ma ta samu shiga. Kawu bai samu ba. Ya gaji aikin ubansa, ya gaji iƙama, takardar zaman baƙo, da sunan mai gonar a matsayin kafili, wato mai tsaya masa. A garin da aka haife shi.

Mu yara ba ruwanmu da wannan. Hutu kawai muke jira a kai mu Awali. Da zafi, iska kamar an buɗe maka murhu a fuska, in muka yi ƙorafi kaka ta ce mu rufe baki, zafin nan shi ke dafa mana dabino. Kawu zai ɗaura igiya a ƙugu ya haye bishiya ba takalmi, ya riƙa jefo mana wanda rabinsa ya nuna rabinsa rawaya ne, mai ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga wuta. Ƙarshen sanyi kuma lokacin haɗa fure ne, yana ɗaura na namiji a jikin na mace, bishiya bayan bishiya. Jikinsa duk farin gari, da wani irin wari da kaka ba ta yarda ya shigo da shi kan tabarma sai ya yi wanka.

Kaka ungozoma ce. Matan mutanenmu na Chadi da Sudan waɗanda ba su da takardar zuwa asibiti, wajenta suke haihuwa. Tana da al'adarta da ban taɓa ji a wajen kowa ba. Akwai wani maƙeri Bahaushe da ke ƙera mata 'yan wuƙaƙe, tsawon yatsa. Kowane jariri da tasa. In ta yanke cibiya da ita, wuƙar ta gama aiki a duniya, ba za ta ƙara yanka ko albasa ba. Sai ta haɗa ta da mabiyiya ta binne a gindin dabino, bakin hanyar ruwa. Ta ce don yaro ya san yana da wurin da ya riƙe shi.

Wata rana na tambaye ta ina tawa.

"Kai? Mijina na asibiti?" Ta yi dariya har da tafi. "Da almakashin gwamnati aka yanka maka, aka wanke aka yanka wa ɗan wani. Shi ya sa ɗuwawunka ba ya zama wuri ɗaya."

Na yi fushi na ƙi cin abinci. Kawu ne ya lallashe ni, ya ce in bari, zai ara min tasa, tana gindin babbar bishiyar da ke kusa da rijiya. Yadda ya faɗa, kamar mai gaya maka yana da fili a Makka.

Kaka ta rasu ina sakandare. Na girma, na kama aiki, zuwa Awali ya koma sai da salla. Sai ga ni da jihaz, injin nan mai gano ƙarfe a ƙasa. Wani abokin aiki ne ya koya min, na sayi nawa ta waya. Ranar Juma'a bayan la'asar mu fita bayan gari, inda mutane ke yada zango su gasa nama, musamman in an yi ruwa ƙasa ta buɗe. Kowa ya ji sai ya ce mun tafi neman kibiyoyin Uhudu. Ya ahi, ɗan uwana, ko kusa da can ba a zuwa da jihaz, an hana, kuma ni ban shirya shiga matsala ba. Abin da muke samu, in gaya maka gaskiya: murfin gwangwanin lemo, murfin gwangwanin lemo, sai kuma murfin gwangwanin lemo. Turakun tanti. Makullin motar da wani ya sha wahala a kansa. Tsofaffin kwabbai jefi-jefi. Sau ɗaya ɗan kunnen yarinya, ƙwaya ɗaya, har yau yana cikin motata ban san me zan yi da shi ba. Kawu in ya gan ni da shi sai ya ce, "Ga mai sharar da ba ta da tsintsiya."

To, mai gonar ya rasu. 'Ya'yansa suka sayar. Ba su yi wa kawu wulaƙanci ba, sun sallame shi da mutunci, amma iƙamarsa a kan gonar take, kuma wa zai ɗauki mutumin da gwiwoyinsa suka gama aiki? Babana ya shiga ya fita, ni ma na bi duk wanda aka ce min ya san wani. Ba abin da ya yiwu. Fita ce ta ƙarshe, zuwa Chadi, ƙasar da fasfonsa ya ce tasa ce, shi kuwa ko a mafarki bai taɓa ganin ta ba. Mutumin da duk burinsa a kai shi maƙabartar Baƙi'a kusa da uwarsa.

Bai yi kuka ba, bai roƙi kowa ba. Abu ɗaya ya nema. Ya kira ni a waya, shi da ba ya kira.

"Ɗan nan, tsintsiyar nan taka tana jin wuƙa?"

"Tana ji, kawu."

"To zo ka ciro min tawa kafin su kawo motocin rusau. Ba zan bar ta a zuba mata siminti ba."

Na so in ce masa wuƙa ba takarda ba ce, ba inda za ta shigar da shi. Ya sani. Ba don wannan yake so ba.

Mai gadin da sababbin masu wurin suka sa ya bar mu muka shiga. Na daɗe ban ga abin da ya karya min zuciya kamar gonar nan ba. An kashe ruwa. Dabino ba ya mutuwa da sauri, a tsaye yake mutuwa, ganyen ya yi toka-toka ya zubo kamar hannun da ya gaji. Hanyar ruwa ta tsattsage. Ba tsuntsu ko ɗaya.

Mu masu wannan wasan, baƙin ƙarfe shara ne a wajenmu. Akwai maɓallin da ake dannawa injin ya daina jin sa, don kar ka wuni kana tonon ƙusa. Ran nan na buɗe masa kunne duka. Sai ƙasar ta kama gurnani ta ko'ina. Duk inda na ɗora, ƙara. Mu tona, ƙusa. Mu tona, waya. Guntun fartanya, cokali, marfin tukunya. Kuma kowanne kawu ya san shi.

"Wannan sakatar ɗakin awaki ce. Wannan cokalin, Ummarka aka daka a kansa, ashe nan ya shige."

"Kawu, in muka tsaya gaisawa da kowane cokali, magariba za ta same mu."

"Yi aikinka, ya walad. Kai da ba ka da ko allura a ƙasar nan."

Mun yi ta komawa, in na tashi daga aiki in ɗauke shi. Sai da muka bi bakin hanyar ruwa sannan wuƙaƙen suka fara fitowa. Ƙotar ta ruɓe, saura ruwan wuƙar, ya ci tsatsa ya kumbura kamar busasshen dabino. Ɗaya, sai wata, sai wata, saiwoyi sun nannaɗe su. Ban ƙirga ba. Na tsuguna ina kallon su a tafin hannuna. Kowace ɗaya mutum ce. Wani yana tuƙa tasi a garin nan, wata an mayar da ita Sudan, wani ya mutu. Ba suna, ba alama.

Da muka sake gwada gindin babbar bishiyar kusa da rijiya, injin ya yi wata 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa. Na tona har gwiwar hannu. Kawu ya ture ni ya sa nasa hannun ya zaro ta. Ya goge da bakin rigarsa.

"Ita ce."

"Ta yaya ka gane, kawu? Duk iri ɗaya ne."

"Mutum ya kasa gane nasa?"

Sauran kuwa ya sa na mayar da kowace raminta na rufe. Na ce ai motoci za su kwashe gaba ɗaya. Ya ce wannan tsakaninsu da Allah, mu dai ba mu muka raba yaran mutane da wurinsu ba.

Na shiga gida da murna na samu Umma a kicin tana tsince shinkafa. Na ce mun samo. Ba ta ɗago ba. Ta ce in rufe ƙofa.

Ta ce ranar da aka haifi kawu, kakana ya kai dabino kasuwa. Ba kowa a gonar sai ita, tana 'yar yarinya, da uwarta a durƙushe a bayan ɗaki. Ba su san kowa a garin ba tukuna. Wuƙar gidan guda ɗaya ce, kuma tana ƙugun kakana. Kaka ta ce mata ta tsago gefen reshen dabino, mai kaifin nan. Da shi aka yanke cibiyar kawu. Ita Umma ta ɗauki mabiyiyar a tsumma, tsoro ya hana ta tsayawa kusa, ta fita bayan katanga ta tona da hannu ta rufe. Inda titi ya bi yanzu.

"Daga ranar kakarka ta yi rantsuwa ba macen da za ta ƙara haihuwa ita kaɗai in tana da rai, kuma ba ɗan da za a yanka wa da itace. Wuƙaƙen nan duk saboda shi aka fara su. Shi kaɗai ne ba shi da ita."

"To wa ya ce masa tana gindin bishiya?"

"Ita. Yana ganin ana binne wa 'ya'yan mutane, ya dame ta da kuka."

"Umma, kina kallo muna ta tono cikin rana, ba ki ce komai ba?"

Sai a lokacin ta dube ni. "In ƙaryata uwata tana kabari? Ko in ce masa ya hau jirgi hannu wofi? Kai mai ilimi, zaɓa min ɗaya."

Ban zaɓa ba. Ni na kai shi filin jirgi. Ni na ce masa kar ya sa ta a aljihu za su karɓe, na naɗe ta a tsohon mayafin kaka na cusa a tsakiyar akwati. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya yi min addu'a da Larabcin Madina tsantsa, wanda ko babana bai iya kamarsa ba, sannan ya bi layin masu fita.

Yanzu yana Injamena, a ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan uwan kakana da ba su taɓa haɗuwa ba. A nan Takari ake ce masa, can kuma ɗan Saudiyya. Yara na dariyar Hausarsa. Gonar Awali an mayar da ita wuraren shaƙatawa na haya, da ciyawar roba da fitilu masu launi. Matata ta haihu a asibiti, ban ma tambayi inda suka kai mabiyiyar ba, sai da muka dawo gida na tuna. 'Yar tawa in Umma ta yi mata Hausa, da Larabci take amsawa. Ba na jin za ta taɓa sanin kalmar cibiya tana nufin wani abu ban da ramin da ke cikinta.

Kwanaki ya turo min saƙon murya. Ana jin kaji a bayansa, da wata mata tana faɗa da yaren da ban sani ba. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma da fara'a.

"Ɗan nan, na binne ta. A bayan ɗakina, na zuba ruwa. Ka gaya wa Ummarka ta daina damuwa. Yanzu ko a nan ta Allah ta kasance, ba baƙo za su binne ba."

Na kunna wa Umma. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo min wayar, ta tashi ta shiga ɗaki. Shi kuma yana can yana ganin alamar na ji saƙon. Kullum sai na danna in yi magana, in riƙe, in goge.