Isidore da Kifi a Kan Mai Hoto

Isidore Tsetso maharbi ne mai sayar da fatu a bakin kogin Dehcho, can ƙasar ƙanƙara a arewacin duniya, tun kafin jirgin sama ya san hanyar wurin. Gajere ne, ƙafafunsa a gwame, bakinsa kuwa ba ya hutu. Duk hunturu yana bayan amalanken ƙanƙara, karnukansa na jan sa a jere ɗaya bayan ɗaya, yana kai fatun dila kanti ya dawo da shayi da gari. A gaban jerin akwai Nogha, karen da ya tsufa har gemunsa ya yi fari.

Honoré, ƙanin matarsa, ba ya ganin karen ya yi shiru. "Suruki, kai da wannan tsohon wa ke jan wani? Harsashi ɗaya ya ishe shi."

"Da ina harbin masu ci ba aiki, yaro, da tuni yayarka na makoki."

Amma Isidore ya sani wannan ne hunturun Nogha na ƙarshe. Abin na cinsa.

Ranar sabuwar shekara, kamar yadda aka saba, suka tsaya bayan itatuwa kafin kanti, suka lulluɓa wa karnuka barguna masu ado da ƙararrawa, waɗanda matarsa Adèle ta ɗinka, sannan suka shigo da gudu ana harba bindigogi. A tsakar filin kantin suka tarar da wani Bature siriri da akwatin hoto mai ƙafa uku. Sanyi ya farfasa masa gilasan ɗaukar hoto, saura ɗaya tak.

Isidore ya manne masa. "Ɗauki karena."

"Kare ba ya tsayawa," in ji mai hoto. "Ya ko girgiza kunne, gilashina ya tafi a banza."

"Nawa zai tsaya. In ya motsa, ka riƙe safar hannuna, in koma gida da yatsu a waje."

Bature ya dubi safar, fatar barewa ce mai furanni, ya yarda.

Da ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen da ke rufe akwatin hoton, karnuka suka hau tsalle, ƙararrawa na ta kuka. Honoré ya riƙe ciki don dariya. Su waɗannan karnuka sau ɗaya suke ci, da yamma, kuma ba mai taɓa kifi sai an ce wa na gaba ya ci. Isidore ya zaro daskararren kifi daga amalanke, ya lallaɓa, ya ɗora shi a ƙeyar mai hoto.

"Me ka sa mini?"

"Ado ne, ranka ya daɗe. Kar ka motsa kai ma."

Filin ya yi tsit. Kowane kare ya kafe kifin da ido. Na baya suka so zabura, amma Nogha ya dasa ƙafafu a ƙanƙara kamar turke, babu hanyar wucewa. Yawu na zuba daga bakinsa yana daskarewa, bai ko ƙifta ba. Isidore ya ruga ya tsaya gefensa yana gyara hula.

"Na gama!" in ji murya daga cikin ƙyalle.

Isidore, don murna, ya manta inda kifin yake. "Ci, Nogha!"

Ai kuwa duk jerin ya taso. Bature ya rungume akwatinsa ya yi ta kansa, kifi ya faɗi, karnuka da amalanke suka bi ta inda ya bari. Adèle ta yi dariya har ta zauna a ƙanƙara.

Nogha bai ga narkewar ƙanƙarar kogi ba, kafin hunturu ya ƙare ya mutu. Da jirgin ruwa ya iso da bazara, aka miƙo wa Isidore hoton. Ga kare nan tsaf, ƙirji a gaba, ana iya ganin kowane furen bargonsa. Isidore kuwa, da yake dariya yake yi, ya fito kamar hayaƙi mai hula.

Honoré ya leƙa. "Suruki, ina kake a nan?"

"Ni kullum kana ganina. Dubi wanda ka ce a harbe."

Honoré ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa don girmamawa. Isidore ya rataye hoton a saman murhu, kuma har ya tsufa, ba baƙon da ya sha shayinsa bai fara gaida Nogha ba.